LAIMAR TEKU: ABIN DA TA KE CI, DA MASU CINTA

Kai mai karatu, watakila ba ka taɓa ganin teku ba, sai dai labari. Amma lalle ka ci abin da ya fito daga cikinsa, ko kifin gwangwani, ko na ƙanƙara wanda a ke kawowa kasuwa. To, labarin da za mu ba ka na wata dabba ce ta cikin teku wadda ba ta da ƙashi, ba ta da jini, ba ta da zuciya, ba ta da ƙwaƙwalwa, amma duk da haka ta kan shiga tsakanin masunci da kifinsa har ya koma gida hannu wofi. Mutanen Ingila suna ce da ita jelifish. Ba kifi ba ce ko kaɗan. Da ya ke ƙasar Hausa nesa ta ke da bakin teku, ba mu gāji wani suna nata ba, saboda haka a nan za mu kira ta laimar teku, gama da laima ta fi kama.

SIFFARTA

Ka kwatanta laimar sarki a buɗe, tuntaye suna reto a gefenta. To, haka ta ke, sai dai jikin yawancinsu garai-garai ne, kana hangen abin da ke bayansu, ga taushi ga santsi kamar farin ƙwai wanda ya soma daskarewa. In ka raba jikinta kashi 100, wajen kashi 95 ruwa ne zalla. Shi ya sa in igiyar ruwa ta jefo ƙarama kan rairayi, rana ta buge ta, ba da daɗewa ba sai ka tarar ba abin da ya saura sai ɗan tabo. Baki ɗaya gare ta, a ƙarƙashin laimar. Ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma tusarsa ke fita. In za ta yi tafiya sai ta tsuke laimar ta tura ruwa baya, sa'an nan ta saki, ta sake tsukewa. Amma ƙarfinta bai isa ta yi gardama da babban ruwa ba, inda ya nufa nan ya kan kai ta.

Makaminta a jikin tuntayen nan ya ke. Kowane zare yana da 'yan jakunkuna dubbai waɗanda ido ba ya gani, kowace jaka da ƙaya mai dafi a nannaɗe a ciki. Da wani abu ya taɓa zaren sai ƙayar ta fita kamar kibiya, tun kafin ƙiftawar ido. Abin da aka harba ya sandare, zaren ya jawo shi zuwa baki. Ga mutum, harbin yawancinsu bai wuce zafi da ƙaiƙayi ba, amma a arewacin Ostareliya akwai wata mai kusurwa huɗu wadda ta kan kashe mutum cikin 'yan mintoci kaɗan.

Girmansu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Akwai kuma ta tekun arewa mai sanyi, wadda a ke wa laƙabi da gezar zaki, faɗin laimarta ya kan kai mita 2, an kuma taɓa auna wadda zarenta ya wuce mita 30. Masu binciken duwatsu sun sami alamun irinsu na fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce.

Hanyar haihuwarsu ita ce abin da ya kamata ka riƙe, don nan gaba za ka ga amfaninsa. Ƙwan laima ba ya zama laima nan da nan. Ya kan ƙyanƙyashe ɗan mitsitsin tsutsa, ta je ta manne a jikin dutse, ko ƙashin kifin kwasfa, ko ginshiƙin gada, ta zama kamar ɗan tsiro. Tsiron nan yana iya zama shekara da shekaru yana tohon 'yan'uwansa, ba wanda ya san da shi. Sa'ad da sanyi ko ɗumin ruwa ya yi masa daidai, sai jikinsa ya rarrabu kamar faya-fayen da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kowane faifai ya ɓalle ya zama 'yar laima. Da ya ke miliyoyin tsiro su kan yi haka a lokaci guda, wurin da jiya ba ko ɗaya, bayan 'yan makonni sai ka ga ruwa ya cika maƙil.

WA KE CIN WA

Ka san yadda abin ya ke a daji. Ciyawa ta tsiro, fara ta ci ciyawa, ƙadangare ya ci fara, shaho ya ɗauke ƙadangare. In ka cire ɗaya daga cikinsu, sauran duka sai sun ji a jikinsu. Haka abin ya ke a teku. Ciyawar teku ta ainihi ba ganye gare ta ba, wasu 'yan ƙananan tsire-tsire ne dangin gansakuka, suna yawo a saman ruwa inda hasken rana ke kaiwa, ba a ganinsu sai da madubi mai ƙara girman abu. Masu kiwo a kansu wasu 'yan ƙwari ne dangin jatan lande, yawancinsu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙananan kifaye irin su sadin su ke cin ƙwarin nan, har da tsiron ma. Sa'an nan manyan kifaye, da tsuntsaye, da mutum, su ci sadin.

To, ina laimar teku ta ke a cikin wannan jeri? Abincinta shi ne ƙwarin nan da sadin ke ci. Ka ga ke nan akushi ɗaya su ke sa hannu. Ba ta tsaya nan ba, ta kan ci ƙwan kifi da 'ya'yan kifi sababbin ƙyanƙyasa, gama su ma a saman ruwa su ke yawo, ba su da ƙarfin gudu. Watau tana cinye wa kifi abinci, tana kuma cinye masa zuriya. Ga ta kuma ba ta bukatar gani kafin ta kama. Kifi da ido ya ke farauta, in ruwa ya gurɓace ko dare ya yi sai farautarsa ta ragu. Ita kuwa taru ce mai rai, dare da rana a shimfiɗe ta ke.

Amma kada ka ce kifi ba ya ramawa. Garken sadin mai yawa ya kan tace ruwa ya cinye abincin tun laima ba ta samu ba, ya kuma haɗa da ƙwanta da ƙananan 'ya'yanta. Muddin kifi na da yawa, laima a takure ta ke.

ZATON DA AKA DAƊE ANA YI

Shekaru da yawa masana suna zaton abincin da ya shiga cikin laimar teku ya ɓace ke nan. Suka ce, ai wa zai ci ruwa da dafi? Suna da hujja kuwa: sun tsaga cikin kifaye da tsuntsaye dubbai, sun sami ƙayar kifi da ɓawon jatan lande, ba su cika samun laima ba. Amma a nan akwai abin dubawa. In babu masu cinta, ina miliyoyin nan su ke tafiya kowace shekara? In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Ashe ba wani abu ba ne, saurin narkewa ne. Abin da ba shi da ƙashi ko ɓawo ba ya daɗewa a ciki, kafin a jawo kifi a kai shi tebur a tsaga, ta riga ta zama ruwa. Da aka sami sababbin dabaru sai gaskiya ta fito. Aka ɗaura wa dabbobi 'yan ƙananan na'urorin ɗaukar hoto a baya, aka kuma koyi gane abin da tsuntsu ya ci ta wurin binciken kashinsa. A 2017 aka bayyana hotunan da aka ɗauka daga bayan fengwin iri 4, watau tsuntsun nan na tekun kudu wanda ba ya tashi sai ninƙaya, aka ga suna kai wa laima cafka da gangan. An kuma lissafta kifi fiye da iri 100 masu cinta. Da yawa ba su cinye ta duka, sai su zaɓi wajen baki da inda ƙwai ya ke, gama nan ne maiƙo. Gaskiya ne abin gina jiki kaɗan ne a cikinta, amma ba ta gudu, ba ta kuma wuyar narkewa, mai ci yana iya cika ciki sau da yawa a yini.

Babbar mai cinta ita ce kififiyar teku mai bayan fata. Wannan ita ce mafi girma a dangin kunkuru duka. A 1988 ruwa ya jefo wata a gaɓar Wales ta ƙasar Birtaniya, aka auna ta, kilo 916, kusan nauyin manyan bijimai biyu. Wannan ƙatuwar dabba kuwa kusan ba ta da wani abinci sai laima. Maƙogwaronta cike ya ke da ƙayoyi masu kallon ciki, don abin da ta haɗiya mai santsi kada ya sulɓe ya dawo. A bakin tekun Kanada an bi waɗansu da na'urar hoto, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna kowace ta kan ci wajen kilo 330 a rana. Ka auna da buhun hatsi mai kilo 100: buhu uku ke nan da ɗori, kowace rana.

Kififiyar nan ba baƙuwar Afirka ba ce. Rairayin bakin tekun Gabon yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan masu fitowa su yi ƙwai, ana kuma ganinsu a gaɓar Gana. Abin tausayi, idonta ba ya rarrabe laima da ledar da mutane ke yarwa. Leda in ta cika da ruwa tana lilo, kamanninsu ɗaya. Wani bincike na 2009 ya tattara labarin gawarsu 408 da aka tsaga, aka sami leda ko roba a cikin wajen kashi ɗaya cikin uku. Leda kuwa in ta wuce ƙayoyin nan ba ta da hanyar dawowa.

Har bayan mutuwarta laima abinci ce. In taronsu ya ƙare, gawarwaki su kan nutse ƙasa, can inda rana ba ta kaiwa, ba tsiron da ke fita, mazauna wurin ba su da abinci sai abin da ya faɗo daga bisa. A 2014 masana suka ba da labarin gwajin da suka yi a wani mashigin teku na ƙasar Norwe. Sun saukar da matattun laimomi zurfin mita 1,250 tare da na'urar hoto. Kafin awa 3 ƙaguwa da kifayen ƙasa da sauran masu cin mushe sun share su sarai, ba su nuna sun fi son mataccen kifin da aka ajiye musu don kwatanci da wani abin kirki ba.

Wani amfaninta kuma shi ne mafaka. 'Ya'yan waɗansu kifaye su kan shiga ƙarƙashin laimar, su bi tsakanin zaren da dabara, babban kifi yana ganinsu ba shi da halin matsowa. Su kan tsinci abin da ta kama, wani lokaci ma su gutsiri mai masaukin.

ABIN DA YA FARU A NAMIBIYA

Yanzu bari mu kai ka inda za ka ga dukan wannan a fili. Namibiya tana kudu maso yammacin Afirka, bakin tekunta hamada ce, amma ruwan da ke gabanta yana cikin mafi albarka a duniya. Dalili kuwa, iska tana kore ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ya zo da taki daga zurfi. Tsiron nan ƙanana ya yi ta yaɗuwa, sadin ya yi ta ci. A garin Walvis Bay aka kafa masana'antun zuba kifi a gwangwani da na niƙa shi ya zama abincin dabbobi. A lokacin ƙasar tana hannun Afirka ta Kudu, aka kawo manyan jirage waɗanda su kansu masana'anta ne a kan ruwa. A 1968 kaɗai an kama sadin wajen tan miliyan 1.4. Ba a bar masa sararin mayar da gurbi ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 garken ya rushe.

An yi tsammani in an rage su, kifi zai komo cikin 'yan shekaru, kamar yadda ciyawa ke tohowa bayan kiwo. Bai komo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗanda suka binciki ruwan nan a shekarun 1950 ba su cika ambaton manyan laimomi ba, amma bayan rushewar sadin sai ga su ko'ina, iri biyu musamman, ɗaya jaja-jaja, ɗaya fara garai. Suna toshe taru, suna lalata kifin da aka kama. A 2003 wani jirgin bincike ya auna ruwan da na'urar amsa-kuwwa, aka buga sakamakon a 2006: nauyin laima wajen tan miliyan 12.2, na kifi kuwa tan miliyan 3.6. Watau laima ta ninka kifi fiye da sau uku, a wurin da dā kifi ne sarki.

Ka tuna abin da muka faɗa, ita tana cin ƙwan kifi. To, in ta riga ta cika wuri, 'yan sadin da suka ragu su yi ƙwai, ita ta tace, ga tsironta kuma a manne a ƙasa yana jiran shekara mai zuwa. Wannan yana cikin dalilan da masana ke bayarwa na rashin komowar kifin. Akwai kuma hujja daga maƙwabta. Ruwa ɗaya ne ke bi ta gaban Afirka ta Kudu da Namibiya, amma a can kudu, inda ƙananan kifaye ba su ƙare ƙaƙaf ba, laima ba ta kai ga mamaye ruwan haka ba.

Tsiron da dā sadin ke ci kuma, da yawa yanzu nutsewa ya ke yi ya ruɓe a ƙasa. Ruɓar ta kan shanye iskar numfashi da ke cikin ruwa, ta fid da wata iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dā ma akwai irin wannan laka a wurin, amma waɗansu masana suna ganin rashin sadin ya ƙara ta. Yawancin kifi ba su iya zama a irin ruwan nan. Laima kuwa, da ya ke jikinta ba ya bukatar iska mai yawa, ba ta damu ba.

A nan ne wani ɗan kifi ya ba da mamaki. Gobi mai gemu a ke ce da shi, bai fi tsawon tafin hannu ba. A 2010 aka bayyana sirrinsa. Da rana ya kan kwanta a cikin lakar nan mai guba, yana iya jure awoyi ba iska, ba maƙiyin da ke iya binsa can. Da dare ya taso sama ya huta, ya shiga cikin laimomi, gama manyan kifayen da ke cinsa suna gudunsu. Yana cin laka da abin da ke cikinta, yana kuma cin laimar kanta. Sa'an nan manyan kifaye, da tsuntsaye, da wata dabbar teku mai gashi mai kama da ayu, su kama shi su ci. Ka ga ta hanyarsa abincin da a ke cewa ya ɓace yana komowa sama.

Sai dai kada a yi saurin murna. Gobi bai kai sadin maiƙo ba, nesa ma. Tsuntsun da ke ciyar da 'ya'yansa da shi kamar mai ba yaro ruwan kunu ne maimakon tuwo. Fengwin na Namibiya ya ragu da fiye da kashi uku cikin huɗu in an kwatanta da shekarun 1950, a 2024 kuma aka sa irinsa na Afirka cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa.

WAƊANSU WURARE

A Bahar Aswad, arewa da Turkiyya, wata 'yar'uwar laima ce marar harbi ta yi ɓarna. Asalinta daga gaɓar Amurka ta ke, ta zo cikin ruwan da jirage ke ɗura wa cikinsu don kada su yi tangaɗi. An fara ganinta a 1982. A 1989 ta cika tekun, kamun ƙananan kifaye ya faɗi ƙasa warwas, ko da ya ke dā ma yawan su da ƙazantar koguna sun riga sun raunana su. Abin da ya rage ta ba dabarar mutum ba ce. A 1997 wata irinta, wadda ba ta da abinci sai ita, ta iso tekun, ta shiga cinta.

A Japan kuwa akwai wata ƙatuwa mai kai kilo 200. Dā sai an yi shekaru da yawa kafin taronta ya zo, amma daga 2002 ya riƙa zuwa a kai a kai. A 2009 wani jirgin su mai nauyin tan 10 ya kife sa'ad da mutanensa 3 ke ƙoƙarin jawo tarun da ya cika da su, wani jirgi ya tsamo mutanen. Su kan kuma toshe bututun da ke jawo ruwan teku don sanyaya injinan wutar lantarki. Haka ta faru a Suwidin a 2013, da Faransa a watan Agusta na 2025, sai da aka tsai da injinan.

Za ka ji waɗansu suna cewa laima za ta cinye teku duka. A ganinmu wannan magana ta yi yawa. Da aka tattara lissafin wurare da yawa a 2013, an ga yawansu yana hawa yana sauka, wajen shekara 20 tsakanin hawa da hawa. Amma inda aka kwashe kifi fiye da kima, ko takin gona ya kwararo ya kashe iskar ruwa, ko aka cika gaɓa da gine-ginen da tsironta zai manne, a nan ta kan sami gindin zama.

Mutum ma yana cikin masu cinta. Mutanen Sin sun fi shekara 1,000 suna haka. Su kan jiƙa laimar da gishiri da alam har ruwan ya tsane, ta koma kamar fata mai garas-garas, a yayyanka a ci da mai da yaji. Amma iri kaɗan ne ke ciwuwa, kuma ba ta ƙosar da gida kamar kifi.

Namibiya ta sami mulkin kanta a 1990, ta kori jiragen waje daga ruwanta, ta sa iyaka ga abin da za a kama kowace shekara. Duk da haka sadin bai farfaɗo ba. A 2018 gwamnati ta hana kama shi ɗungum har shekara 3, daga baya ta ƙara wa'adin. A cikin shekarun hanin nan, don kada ma'aikata su zauna banza, sai da aka riƙa sayo sadin mai ƙanƙara daga Maroko, a kawo shi Walvis Bay a jirgi, a zuba a gwangwani.